Kabarin Baba Yana Bayan Gandi

A wannan watan ne mahaifina, Saje Umaru, yake cika shekara takwas da rasuwa. Duk shekara idan watan ya kama nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in kasa. Bana na daure, domin bara muka rasa Inna, mahaifiyarmu, kuma da tafiyarta babu sauran wanda zan tambaya idan wani abu na rayuwarsa ya kwanta mini.

A Kwargaba aka haife shi, cikin ƙasar Wurno. Yana saurayi, ko gemu bai gama fito masa ba, ya shiga soja lokacin yaƙin basasa. Ya daɗe bai waiwayo gida ba, har wasu suka fara yi wa kakarmu gaisuwa. Da ya dawo, ya dawo da igiya uku a kafaɗa da kunnen hagu wanda ba ya ji. Bayan ya ajiye kaki ya yi aikin gadi a Goronyo sa'adda ake gina madatsar ruwa. A can ya ga yadda ake noman albasa da rani, abin ya shiga ransa. Daga baya dangin Inna suka ba shi fadama a ƙauyensu da ke bayan Gandi, a ƙasar Rabah, ya kafa gida. A nan muka tashi, ni ce babba, sai ƙannena maza biyu, Nasiru da Aliyu.

Gidanmu ba a ajiye tsintsiya inda aka ga dama. Takalma a jere suke a bakin ɗaki, butoci a jere, hatta buhunan albasa sai ya daidaita bakinsu. Inna takan ce ita ba mutum ta aura ba, bariki ta aura, shi kuma sai ya juya mata kunnen hagu ya ce bai ji ba. Shi ne ladanin masallacinmu fiye da shekarun da zan iya tunawa. Da yake ba ya jin kansa sosai, yakan ɗaga murya har mutanen rugar da ke ƙetaren fadama su ce da kiransa suke salla. Kuma shi ya goya ni a keke ya kai ni Rabah na rubuta jarrabawa, a lokacin da 'yan'uwansa suke cewa karatun ɗiya mace ya isa haka. Yau unguwarzoma ce ni a Wurno.

Abu ɗaya ne mutanen gari suke yi masa dariya a kai: tsohon soja guda, amma ko kaza ba ya yankawa. Ranar layya shi zai sayi ragon, shi zai yi kiwonsa, amma liman ake kira ya yanka, shi kuwa ya tafi bayan rumbu har a gama. Ina budurwa na taɓa bin sa can na tambaye shi dalili. Ya ce, "Hauwa'u, abin da idona ya gani ya ishe ni. Tahi ki taya innarki aiki." Iyakar abin da na taɓa ji daga bakinsa game da yaƙi ke nan.

A shekararsa ta ƙarshe aka fara jin labarin satar shanu a dazukan gabas da mu. Samarin gari suka zo zaure suka ce ya koya musu harbi, tunda shi ya san kan abin. Nasiru na cikinsu. Baba ya ce, "Mi kuka sani ga bindiga? Ku roƙi Allah kada ya jiyar da ku ƙararta cikin garinku. Wanda duk ya ji ta ba ya komawa yadda yake." Suka tashi ransu bai so ba. Bayan an kwashe albasar wannan rani ya kwanta ciwo, bai daɗe ba. Da hantsi ya cika, kansa a cinyar Nasiru, yana ta maimaita kalmar shahada. Ya haura saba'in. Mutane suka zo daga Goronyo, daga Dinawa, daga Wurno, masallaci ya kasa ɗaukarsu.

Ba mu san cewa wannan ne taro na ƙarshe da ƙauyenmu zai yi cikin kwanciyar hankali ba.

Abin da ya biyo baya duk mai karanta wannan a yankinmu ya san shi, wataƙila ma ya fi ni sani. 'Yan bindiga suka fara tare hanya, suka koma shiga gonaki, daga nan sai cikin gari. Nasiru ne ya gaji fadamar Baba. Wata rana da azahar ya ɗauko albasa a babur zai kai kasuwar Goronyo, suka tare shi, suka harbe shi, suka tafi da babur ɗin. Ya bar mata da 'ya'ya ƙanana. An binne shi kusa da Baba cikin gaggawa, masu haƙa kabari suna yi suna waige. Kafin damina ta zagayo gari ya watse. Aliyu ya ɗauko Inna da iyalin Nasiru ya kawo mini su Wurno.

Inna ba ta taɓa kwance ƙullin kayanta duka ba. Idan na ce ta bari in jera mata a ɗaki, sai ta ce, "Bar su nan, ai ba daɗewa za mu yi ba." Da jikinta ya yi nauyi ta kira mu ni da Aliyu ta ce, "In na cika, ku kai ni wurin Saje da yarona." Aliyu ya ce to. Ni ma na ce to. Dukanmu mun san ba za a iya ba, kuma ina jin ita ma ta sani. A makabartar Wurno aka sa ta.

Nakan zauna in tambayi kaina, da Baba yana raye me zai ce? Mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa da kunnensa don ƙasar nan ta zauna ɗaya, ga shi 'ya'yansa ba sa iya zuwa ƙauyen da ya raine su. Ban san ko zai canza magana a kan abin da ya gaya wa samari ba. Aliyu yana ganin da ya ga gawar Nasiru da ya canza. Ni ban tabbata ba. Abin da na tabbata shi ne ba zai yarda ya baro garin ba. Da kowa zai gudu, shi zai tsaya a ƙofar masallaci, kuma a nan za su same shi. Shi ya sa wani lokaci nakan ji bakina yana gode wa Allah da ya ɗauke shi kafin wannan zamani. Ba ƙaramin abu ba ne 'ya ta gode wa Allah a kan mutuwar ubanta, kuma duk sa'adda na yi sai na yi kuka.

Watan jiya aka ce hanya ta ɗan lafa. Aliyu da wasu magidanta 'yan garinmu suka bi bayan motar sojojin sintiri da rana tsaka, don su ga abin da ya rage. Ya dawo kafin la'asar, ya zauna a tabarma. Na kawo masa ruwa bai sha ba.

Na ce, "Aliyu, mi kuka iske?"

Ya ce rufin gidanmu ya faɗa ciki, fadama ta zama daji. Na ce ba wannan nake tambaya ba.

Ya ce, "Yaya, ban gane shi ba. Haki ya rufe makabartar duka, ruwa ya baje kaburburan. Na yi ta zagayawa har sojan ya ce mu tahi. Ban san wane ne na Baba ba, ban san na Nasiru ba."

Na ce, "To mi ka yi?"

Ya ce, "Na tsaya daga baki na yi musu addu'a gaba ɗaya."

Gida ya rushe, gona ta tafi, kabarin ma ya ɓace mana. Idan na lissafa abin da ya saura na Saje Umaru wanda hannu zai taɓa, ba na samun komai. Abin da ya saura mu ne, ni da Aliyu da marayun Nasiru, da tarbiyyar da ya yi mana, da sunansa da har yau idan na faɗa a asibiti wani tsoho yakan ɗago kai ya ce, "Ke ɗiyar Saje ce? Allah ya jiƙan mutumin kirki." Ban san ko jikokinsa za su taɓa ganin inda yake kwance ba. Allah ya san wurin, ko da mu mun kasa ganewa. Ya Allah ka jiƙan Baba da Inna da Nasiru, da duk waɗanda ke kwance tare da su a ƙarƙashin wannan ciyawa, waɗanda nasu ma ba su samu zuwa ba.