Mama da Saƙon da Ya Biyo ta Sama

A ƙarshen shekarun casa'in ina koyarwa a wata firamare, ina zaune a Mairi, wata unguwa a Yerwa. Mahaifiyarmu kuma tana Khaddamari, can wajen gari, inda babanmu ya bar mata gida da 'yar gona kafin ya rasu. Mu mutanen kudancin Borno ne, aikin coci ya kawo Baba nan, muka tashi da Hausa a baki fiye da yarenmu. Mu biyu Mama ta haifa, ni da ƙanena, shi kuwa a lokacin yana Turai yana karatun likitan dabbobi.

Gidanmu na Khaddamari babu tarho, ko turken waya bai iso unguwar ba. Wasiƙa ce kawai, ita ma sai ta yi wata ɗaya da rabi a hanya, wani lokaci ta iso baki a buɗe. Mama ba ta yi boko ba, amma ta san hannun ɗanta. Kafin in karanta mata sai ta karɓi takardar ta ƙura mata ido, ta ce, "I, shi ne, ga rubutun nan kamar kaji sun yi tono." Sannan ta gyara zama.

Ana nan sai na ji labarin wani ofishin masu haƙa rijiyoyin burtsatse a cikin gari. Sun kafa wani ƙaton faifan ƙarfe a bayan ofishin yana kallon sama, ta nan suke aika saƙo ta tauraron ɗan'adam ba tare da waya ba. Akawunsu wani dattijo ne Babarbare, ɗan Yerwa, 'yarsa tana ajina. Da na roƙe shi, ya nemi izinin shugabansu, aka yarda ƙanena ya riƙa turo imel ta wurinsu. Idan saƙo ya zo sai ya buga a takarda, ya ninke, ya manne bakin da gam, ya miƙo mini yana cewa, "Malama, idona ya gani amma kaina bai ɗauka ba." Na san ya karanta tsaf, amma ban taɓa jin maganarmu a bakin kowa ba.

Ni dai abin ya yi mini daɗi. Saƙon da aka rubuta jiya ga shi yau a hannuna! Kowace Asabar in hau motar Khaddamari da takarda a jaka, ina jin kaina kamar wata babbar ma'aikaciya. Mama kuwa ba ta ɗauki abin da muhimmanci ba. Takan saurara, ta ce "to, madalla", ta ci gaba da tsince wakenta. Na ɗauka tsufa ne kawai.

Sai ranar da saƙo mai nauyi ya zo. Ƙanena ya sami yarinyar da zai aura a can, 'yar ƙasarmu ce mai aikin jinya. Iyayenta sun je ganinta, saura mako uku su dawo, suna so a ɗaura auren a gabansu. Shi kuma ya rantse ba zai tsaya gaban fasto ba sai da yardar uwarsa. Ya ce ya aiko wasiƙa ta gidan waya, amma ya san ba za ta iso da wuri ba.

Na karanta wa Mama ina murna. Ta karɓi takardar, ta juya ta gaba da baya, ta ajiye a kan tabarma.

"Wannan ba hannunsa ba ne."

"Mama, inji ne ya buga. Haka duk na baya suke."

"Na baya gaisuwa ce, kowa ma yana iya gaishe ni. Wannan aure ne. Ni ba zan ba da ɗana ga takardar da ban san wanda ya rubuta ba."

Raina ya ɓaci. Ina da saurin fushi, kuma a wurinta na gada. Na yi bayanin faifai, na yi na tauraro, har ina nuna sama da hannu kamar ina gaban 'yan aji uku. Ta bar ni na gama, sannan ta tuna mini maƙwabciyarta da wani mutum ya zo wa da takarda, wai ɗanta ne ya aiko shi daga Legas, ya tafi da ragonta har yau. Ta ce abin da ya bi ta sama, waye ya tsare shi a hanya?

Gaskiya ni ma ban sani ba.

"To, in shi ne, ya kawo alama," in ji ta.

Haka ake yi tun muna yara. Idan ka aiki mutum ya karɓo abu mai daraja, sai ka haɗa shi da wata magana da ku biyu kawai kuka sani, don a tabbatar kai ka aiko. Na ce ta faɗi alamar. Ta kalli garken awakinta, ta ce in tambaye shi wa ya bar ƙofar garke a buɗe shekarar da awaki suka cinye albasar maƙwabcinmu.

Na yi tsaki a raina. Wannan ai duk unguwa ta sani. Ina da shekara goma sha biyu aka ɗora mini laifin, na ce ba ni ba ce, ba wanda ya saurare ni. Baba ya zane ni, kuma na yi rani guda ina ɗibar ruwa ina ba gonar mutumin. Na ce mata wannan ba sirri ba ne. Ta ce in dai tambaya.

Ranar Litinin akawun ya buga tambayar yana murmushi. Ranar Laraba amsa ta zo. Ban iya jira Asabar ba, ana tashi daga makaranta na kama hanya, kuma ban ɓalle gam ɗin ba sai a gaban Mama. Layi uku ne. Ƙanena ya ce shi ne ya bar ƙofar. Ya ce ranar ya same ta a madafa yana kuka ya gaya mata, ta toshe masa baki da hannu ta ce ya yi shiru, don bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, jikinsa ba zai ɗauki dukan Baba ba.

Na karanta har ƙarshe da muryar da ban san tawa ce ba. Shekara ashirin da wani abu! Na ji haushi, na ji dariya, na kuma ji wani sanyi a ƙirjina, don ashe tun ranar akwai wadda ta san ban yi ƙarya ba.

Mama ta ɗauki takardar ta ɗora a cinyarta, tana shafa ta da tafin hannu.

"Shi ne," ta ce. "Ɗauko biro. Ki ce na yarda, Allah ya sa albarka, ya riƙe 'yar mutane da kyau."

Na rubuta. Na ce ko akwai ƙari.

"Babu nasa. Saura naki." Ba ta kalle ni ba. "Na daɗe ina neman bakin da zan gaya miki. Ki yafe mini, uwata."

Na ce na yafe, Mama. Ta ce to in tashi in yi sauri, kada motar ƙarshe ta bar ni saƙon yaron ya kwana.