Rabon Maraƙi a Rijiyarmu

Rilwanu ɗan Altine ne, matar nan mai kawo mana nono daga rugar da ke bayan ƙauyenmu, kusa da Dogarawa. Tun yana ƙarami ba mai ba shi aron rediyo, don a warwatse zai dawo da ita cikin hula. Daga kiwo ya shiga lakwal, wato makarantar boko, daga nan Ƙonni, daga nan Yamai. Muka riƙa jin wai yana karatun yadda inji zai lura da kansa ba sai mutum ya tsaya a kansa ba. Ni dai tela ne, na ce to, Allah ya sa injin ya fi mu hankali.

Rijiyar foraj, wato burtsatse, ɗaya gare mu, mai famfon hasken rana, mu da mutanen ruga. Sau biyu famfon yana ƙonewa da bazara: ruwa ya yi ƙasa, shi kuwa ya yi ta zuƙar iska har ya mutu. Bayan na biyun, manyan ruga suka ce in ya sake mutuwa za su kwashe shanunsu su yi kudu, ba dawowa. 'Yata Sakina a rugar take aure. Maganar nan ta tsaya mini a rai, har na fara karkatar da wuyan riguna.

Da aka sa famfo na uku, sai ga Rilwanu da wani ɗan akwatin ƙarfe, wai shi ne binciken da zai gama karatunsa da shi. Ya zura wata waya mai jin zurfin ruwa cikin rijiya. In ruwa ya ja baya, akwatin ya rage gudun famfo, in ya ƙara ja ya tsayar da shi. Da farko abin ya ba mu dariya, famfon na tashi yana tsayawa kamar kekena in zare ya sarƙe. Rilwanu bai yi fushi ba. Duk lokacin sanyi yana gindin tankin ruwa yana gwaji yana gyara, har gudun ya daidaita.

Bazara ta shigo. Ran nan da tsakar rana, layi ya yi tsawo, shanu na kuka, famfo ya yi shiru. Mata suka ce ya tafi sallar azahar. Malam Chindo, shugaban kwamitin ruwa, bai ga abin dariya ba, ya zo da wuƙa zai yanke wayar akwatin.

"Rilwanu, rana na dukan pano mai ba famfo wuta, ruwa na cikin rijiya, abin ga naka ya hana mu sha. Mu hidda shi, mu haɗa kai tsaye yadda munka saba."

Haka ɗin aka saba, haka kuma famfo biyu suka ƙone. Rilwanu ya soma bayanin boko, ba wanda ya gane. Sai ya waiwaya wajen mahaifiyarsa da ke cikin layi.

"Inna, in kina tatsa, kina tatse saniya ƙaf?"

"Wane mahaukaci? Ana bar ma maraƙi nashi."

"In ba a bari ba hwa?"

"Maraƙi shi lalace, nono shi ɗauke."

"To Baba Chindo, abin da akwatin ga ka yi ke nan. Yana bar ma rijiya nata, ta taru, sannan shi ci gaba."

Makiyaya ne suka fara gane maganar. Nan take suka ce za su maida shayarwa safe da yamma, a bar wa rijiya tsakar rana. Malam Chindo ya jima yana juya wuƙar kafin ya mayar da ita kube. Ba a kai la'asar ba famfo ya tashi da kansa.

Bazarar ta wuce, wata ma ta wuce, famfo na nan da ransa. Rilwanu yanzu yana aiki a wata masana'anta a Malbaza, ya yi ƙiba, in ya zo sai ya gaida akwatinsa kafin ya gaida mu. Na yafe masa wannan. Ban san yadda zan gode wa yaron nan ba, kullum dai yana cikin addu'ata.

Watan jiya Sakina ta haihu. Da ƙafa na taka na je suna, don rugar na nan inda take.