Buhunan Kajijin Hajiya Zinariya

Duk wanda ya saba da layin masu kayan ƙamshi a bayan babbar kasuwar Duwala ya san Ilu mai kajiji, dogon nan siriri mai tabarau. Yanzu furfura ta cinye kansa, matan New Bell kuwa suna maganarsa kamar da kaskon turare a hannu aka haife shi. To ba haka ba ne. Sai da Ilu ya shekara talatin da takwas a duniya bai san bambancin kajiji da aya ba, kuma bai damu ya sani ba.

A unguwar New Bell aka haife shi, a gidan katako da kwano da kakansa ya kafa lokacin da fataucin goro ya sauko da shi daga Arewa. Mahaifiyarsa, Hajiya Zinariya, ita ce mai rumfar. Shekara talatin tana sayar wa mata abin da suke haɗa turaren wuta da humra: farce, jawul, itacen sandal, kanumfari, ƙaron hano, sai uwa uba kajiji, 'yan saiwoyin nan masu ƙamshi da ake haƙowa a bakin Tafkin Cadi in ruwa ya ja da baya. Dokar rumfarta ɗaya ce: ba a ƙulle wa mace kaya sai an ɗora kaɗan a garwashi ta shaƙa da hancinta. Da wannan rumfa ta sa Ilu a makarantar Faransanci har ya samu takarda, ya shiga wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunansa. "Ɗan biro" take ce masa, rabi alkunya rabi tsiya.

Gaskiyar magana, Ilu yana jin kunyar sana'ar uwarsa. Rigunansa na aiki a leda yake ƙulle su don kada su ɗauki hayaƙi, tun ranar da wani abokin aikinsa ya tambaye shi ko a masallaci ya kwana. Shekara goma sha biyar yana ɗaura wa wuyansa igiyar nan ta 'yan boko yana hawa tasi zuwa Akwa, unguwar ofisoshi, in ya wuce ta kasuwa sai ya ɗaga wa Hajiya hannu daga nesa.

Sai shekarun matsi suka zo, abin da mutanen gari suka riƙa kira la crise. Jirage suka ragu, ofisoshi suka shiga sallamar mutane. A farkon 1991 aka miƙa wa Ilu takardarsa a ambulan, aka yi masa godiya da Faransanci mai daɗi. Wata uku yana zaga Akwa da jakar takardu har dunduniyar takalminsa ta cinye. Mata ɗaya, 'ya'ya huɗu, ga tukunya ba ta san an sallami kowa ba. Wata safiya ya tsinci kansa zaune a kan benci a rumfar Hajiya, yana hura mata garwashi.

Kajijin rumfar nan mutum ɗaya ke kawo shi, wani dattijon Bafulatani mai suna Ɓoɓɓo. Sau ɗaya yake zuwa a shekara, ƙarshen rani: daga Kusiri a mota zuwa Gaundare, daga nan a jirgin ƙasa. Abin da ya sauke shi za a ci har baɗi, domin da damina ba a haƙar kajiji. A wannan shekarar buhu uku ya kawo, buhunan kaba, Hajiya ta sa aka rataye su a saman madafi, daidai inda hayaƙin murhu ke tashi.

Ana cikin haka ƙanwar Ilu ta haihu a Yawunde, dole Hajiya ta tafi wankan jego. Ranar tafiya ta tsaya a ƙofar madafi, ta nuna sama da carbinta.

"Ɗan biro, ka ga waɗannan? Kada a sauke su. Gwiwoyina sun gaji da kasuwa. In na dawo na tarar da su yadda na bar su, rumfa taka ce. In ba haka ba, Raliya 'yar ƙanwata tana Garwa, ta san aikin, zan aika ta zo."

Ilu ya ce, "Haba Inna. Ni da na kula da kayan jirgi guda, buhu uku ne za su gagare ni?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗauki jakarta.

Ba ta yi sati biyu da tafiya ba gari ya rikice. Aka shiga yajin nan na ville morte, wato gari ya mutu: daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba tasi, tayoyi na ci a kan titi, sai Asabar a fito a yi cefane a guje. Hanyar Yawunde ta zama sai mai ƙarar kwana, kwana arba'in ɗin Hajiya suka miƙe ba ranar dawowa. Ga damina ta sauka, irin ta Duwala, wadda sama ke buɗewa ta manta ta rufe. Ruwa ya cika tsakar gida har ƙwauri.

Wata rana Ilu ya shiga madafi ya ga kwano na ɗiga a kusurwa, bakin buhu ɗaya ya ɗan jiƙe. Hankalinsa ya tashi. Mai hankali zai matsar da buhun taku ɗaya ya toshe kwanon, amma Ilu mutumin tashar jirgi ne, abin da ya sani shi ne kaya masu daraja rufe su ake yi ruf. Ya dubi buhunan sun yi baƙi ƙirin da hayaƙi, ya ji tausayin tsohuwar da ta shekara talatin tana ajiya irin ta mutanen dā. Ranar Asabar ya sayo durom uku na roba, shuɗɗa, masu murfi da zoben ƙarfe. Ana tsuga ruwa ya sauke buhunan, ya juye kajijin, ya danne murfi, ya bi bakin da salatif, har da manna takarda mai lamba a jikin kowanne.

Matarsa Ikhlas ta leƙo ta ce, "Baban Usaid, Inna fa ta ce kada a sauke."

Ya ce, "Je connais mon travail, na san aikina. Inna ba ta san ajiyar zamani ba ne. In ta dawo ita da kanta za ta gode mini."

Abin da bai sani ba, kajiji ko ya bushe yana numfashi. A gari mai laima irin Duwala, iskar da ke ratsa kaba da hayaƙin da ke bugunsa kullum su ne ke riƙe da ransa. Garin neman gira Ilu ya rasa ido.

Kwana ashirin da huɗu ya yi yana sayar da ɗan abin da Hajiya ta bari a tire. Da ya ƙare, ya ɓalle zoben durom na farko. Warin da ya buge shi sai da ya ja da baya ya dafa bango. Funfuna fara fat ta lulluɓe saman kajijin, ya tura hannu ciki ya ji ɗumi da danshi. Na biyu haka, na uku haka. Ilu ya zauna a ƙasan madafi, a cikin jiƙaƙƙen toka, ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da aka sallame shi. Waccan ba laifinsa ba ne, wannan kuwa da hannunsa ya yi.

Idirisu mai turaren kwalba, maƙwabcinsu a kasuwa, shi ya kawo masa shawara. "Mon frère, kai ma da tsoro. Wanke shi, ka shanya, ka yayyafa masa ɗan man sandal na kanti. Wa zai sani? A wannan zamanin kowa ta kansa yake yi." Ilu ya san shawarar ba ta da kyau, amma ya tuna Raliya ta Garwa, ya tuna bakuna biyar da ke gida. Ya wanke mudu shida ya yayyafa, suka yi kyau a ido har suna sheƙi.

Asabar da hantsi sai ga Raudatu, wadda ke haɗa wa amaren New Bell turare, tsohuwar mai sayen Hajiya tun tana budurwa. A gurguje ta zo, mayafi a jiƙe, domin an ce za a rufe kasuwa kafin azahar.

"Ɗan Hajiya, auna mini huɗu, vite vite. Amarya gare ni jibi."

Ya auna. Ya kai hannu ga kasko.

Ta ce, "Bar wutar nan, ba lokaci. Kayan Hajiya Zinariya ne, sai an gwada mini?"

Ga ƙulli a hannunsa, ga hannunta a miƙe. Ba wanda zai ce ya yi ƙarya, domin ko tambayarsa ba ta yi ba. Sai dai da sunan uwarsa za ta karɓa, sunan da aka yi shekara talatin ana hura wa garwashi.

Ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri minti ɗaya."

Ya daka ƙwaya uku ya barbaɗa a wuta. Ƙamshin man kanti ya tashi fuu ya wuce, sai warin tsumma mai laima ya biyo baya ya tsaya. Raudatu ta toshe hanci da bakin mayafi.

"Innalillahi! Me ka yi wa kajijin baiwar Allah?"

Ya gaya mata komai, har salatif ɗin. Ta wanke shi tas, ta ce karatun da bai hana mutum rufe kajiji a roba ba asarar kuɗin makaranta ne. Da ta huce sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta fasa da haƙori, ta nuna masa. "Duba nan. In cikin ya yi baƙi, ya mutu, zubar. In yana da haske kuma ya yi tauri, da sauran rai. Amma ba a gane shi daga waje, sai ka fasa." Ta tafi ta sayi nata a wani wuri.

Garin da ya mutu ya ba Ilu abin da bai taɓa samu ba, wato lokaci. Ya shimfiɗa tabarma a madafi, ya juye durom, ya fara. Ƙwaya ɗaya ɗaya yake ɗauka ya fasa, ya duba, ya shinshina, ya jefa dama ko hagu. Ya gwada guduma, ta riƙa niƙe su, ya koma haƙori. Kwana goma sha ɗaya yana wannan aiki, muƙamuƙinsa ya kumbura, haƙorin gaba ya ɓantare, tuwo ma da ƙyar yake taunawa. Wajen kwana na bakwai ya lura hannunsa ya fara sanin mai rai tun kafin ya kai baki, daga nauyi kawai. Masu kyan ya baza a faifai a saman murhu, Ikhlas na juya masa. Buhu uku suka koma abin da bai cika rabin buhu ba.

Hajiya ta dawo a watan Satumba. Ko mayafi ba ta cire ba ta nufi madafi, ta ɗaga kai ta ga buhu ɗaya ramamme yana lilo. Ilu ya durƙusa ya faɗi abin da ya yi, bai rage ba, har shawarar Idirisu da mudu shidan da ya wanke. Ta saurara har ya gama, ta ce, "To." Ta shige ɗaki.

Wannan "to" ɗin shi Ilu ya yi wata shida yana ɗauke da shi. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Kafin ƙarshen Oktoba kajiji ya ƙare a rumfar, karo na farko tun da aka kafa ta, matan da suka saba suka riƙa gaisawa suna wucewa gaba. Hajiya ba ta ce rumfa tasa ce ba, ba ta kuma ce ta aika Garwa ba. Duk wasiƙar da ta shigo gidan sai gabansa ya faɗi. Shi dai yana ɗaukar mata kwando, yana hura wuta, yana koyon wankin farce da soya shi.

Ƙarshen rani Ɓoɓɓo ya iso da buhu huɗu a kan amalanke. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka sha ruwa, aka gaisa har aka gaji. Ya kwance bakin buhunan kamar yadda ya saba, ya ja gefe don Hajiya ta duba. Ba ta motsa ba. Ta dai yi wa Ilu nuni da haɓa.

Ilu ya tura hannu can ƙasan kowane buhu, ya auna a tafinsa, ya fasa, ya shinshina. A na uku ya daɗe. Ya sake ɗebowa daga tsakiya ya fasa biyar.

Ya ce, "Baffa, ukun nan mun karɓa. Wannan kuwa bai gama shan rana ba aka ɗure shi. Ba zai kai tsakiyar damina ba."

Ran Ɓoɓɓo ya ɓaci. Ya juya ga Hajiya da Hausarsa ta mutanen Marwa. "Hajiya, shekara nawa ina kawo maka kaya? Yau ɗan lakwal, ɗan boko, shi ne zai mayar mini da buhu? Duba da kanka!"

Hajiya Zinariya ta ci gaba da jan carbinta, ko kallon buhun ba ta yi ba.

Ta ce, "Ni a rayuwata ban fasa kajijin da ya kai mudu ba, shi kuwa buhu uku ya fasa da bakinsa. Ba ni da ta cewa, Malam Ɓoɓɓo. Ka yi magana da mai rumfa."