Ɗan Majalisa a Rumfar Mai Gyaran Agogo

Yana tsaye a rumfar mai gyaran agogo, ya goya hannuwa a baya. Dogo ne, rigarsa ta sha guga, farcensa a yanke tas. Agogon da ya kawo ya girme ni. An nuna masa sabo, ko taɓawa bai yi ba, ya ce, "Wannan ɗin dai za a gyara."

Mai gyaran ya raɗa mini cewa da likita ne, yanzu ɗan majalisa, cikin waɗanda duk sabon abin da aka kawo sai sun ce a dakata tukuna. Ina jin da agogon nan ya yi shekaru yana auna bugun zuciyar marasa lafiya.

Wata mai tallar tsintsiya ta ja ta tsaya. "Likita! Kai ka ciro mini autana."

"Madalla. Ya yaron?"

Ba fuskarta yake kallo ba, ƙafafunta yake kallo, sun kumbura har silifas ya nutse. Hannunsa ya fito daga baya, yatsu biyu suka nufi wuyan hannunta. Sai ya lura ana kallonsa, yatsun suka wuce sama suka gyara hula.

"Baiwar Allah, ƙafar nan ba ta wasa ba ce. Ki je asibiti yau."

"Na je, ranka ya daɗe. Sun ce likitan yana majalisa."

Ya karɓi agogonsa, ya kara a kunne, ya daɗe yana saurare.