Azarar Ƙarfe a Misfala

Surukina ya yi kusan shekara talatin a unguwar Misfala ta Makka cikin ɗakin da aka haɗa da garewanin kananzir. Haka yawancin mutanenmu suke zaune a lokacin: a fasa garwa, a miƙe ta da guduma, a kafa a jikin itace. Da rana ɗakin tanderu ne. Ruwan Makka kuwa ba ya yawan zuwa, amma ran da ya zo sai ya rama, kuma Misfala gangare ce, duk abin da ya sauko daga duwatsu ta ƙofarmu yake bi.

Bayan yaƙin duniya na biyu Baba, haka nake kiran surukin nawa, ya samu ya tayar da bangon dutse na ɗaki ɗaya. Inna, matarsa, ita ta matsa. Ta ce ba ta son mutuwa ta same ta cikin garwa kamar ragowar mai. Bango ya kai, sai rufi ya gagara, don a garin nan babu giginya balle azara, katako kuwa ta teku yake zuwa, ba na talaka ba ne.

Ana nan sai wani direban babbar mota, Bahaushen Sudan, ya dawo daga Madina da ƙarfen dogo guda uku, an yanka su daidai faɗin ɗaki. Ya sauke a tsakar gidan Baba, ya ce ga azarar da gara ba ta ci.

Dole in faɗi asalin ƙarfen. Sarkin Santambul ne ya sa aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Sham, da niyyar ta kai Makka. Ta iso Madina ta tsaya. Da yaƙin farko ya zo aka yi ta fasa ta, ba a kuma gyara wannan ɓangaren ba. Ni ina yi wa alhazai tafinta, ina raka su ziyara, don haka na sha ganin tashar Madina: ginin dutse mai kyau, kawunan jirage a tsaye sun yi tsatsa, awaki na kwana ƙarƙashin taragu. Mutanen Makka dai jirgin bai taɓa zo musu ba. Abin da ya iso Misfala daga cikinsa shi ne guntayen nan uku.

Baba ya durƙusa ya shafa su kamar ya ga ɗan'uwa. A hanyarsa ta zuwa daga Kano ya yi shekara biyu yana aikin shimfiɗa dogo a Sudan, kuma bai taɓa barin kowa ya manta ba. Ya ƙwanƙwasa ɗaya da dutse, ya kasa kunne, ya ce lafiyayye ne, gobe a kira magini.

Da la'asar Malam ya shigo. Maƙwabcinmu ne, limamin zaurenmu, mutumin Damagaram, abokin wasan Baba tun kafin in auri 'yarsa. Ya dubi ƙarfen ya ja da baya.

"Bakano, ina ka samo kayan Allah?"

"Kayan Turkawa dai, Badamagare."

"Waƙafi ne. Da sadakar Musulmi aka yi hanyar nan, don alhazai. Ina Madina ina saurayi ake karɓar fatun layya saboda ita. Fatar ragona tana cikin ƙarfen nan."

"To nuna mini daidai inda take, in yanke maka."

Aka yi dariya, amma Malam bai yi ba. Ya ce abin da aka tsayar don Allah ba ya zama rufin ɗakin wani. Baba ya ce shi ya ɗauki dogo a kafaɗarsa, ya san abin da ake yin sa dominsa. Na Sudan, Ingilishi sun fara shi ne don kai soja da igwa. Na Madina ma haka, sarki yana son askarawansa su iso Hijaz cikin kwanaki maimakon wata da watanni. Alhazai an ɗora su ne a baya don a samu na sayen gawayi.

Suka juyo kaina, wai ni na yawata, in raba su. Na hau jirgi a Kano, na hau a Sudan da Masar. Na Kano gyaɗa yake nema, mutum in ya samu wuri ya gode. Na Sudan kuwa ko tashoshinsa na cikin hamada lamba aka sa musu ba suna ba, kamar sojoji a layi. Wani tsohon Baturke mai sayar da shayi kusa da Harami ya taɓa gaya mini da harshensu cewa a jirgin Madina ya zo, shi da bindigarsa, kuma taragon da ke bayan nasu cike yake da alhazai suna talbiya. Na kawo musu wannan duka, na ce ga alama kowa yana da gaskiya.

Baba ya ce, "Ka ji amfanin harsuna da yawa. Mutum ya yi magana da biyar bai ce komai ba."

Magini dai ya ƙi taɓa ƙarfen da liman ya ce na Allah ne. Baba kuma ya ƙi mayarwa, ya ce a nuna masa wanda zai mayar wa. Aka jera su a inuwar bangon da ba rufi, suka yi shekara biyu a nan. An yi ruwa sau ɗaya a tsakani, ya shiga ɗakin garwa ya jiƙa wa Inna buhun gero da kayan sawarta. Ta shanya su a kan bangon sabon ɗakin.

Kullum bayan la'asar Malam zai zo su ɗora daga inda suka tsaya. Da yake ƙarfen ne kaɗai abin zama a inuwa, a kansa yake shimfiɗa buzunsa. Rannan Inna ta kawo musu shayi, ta ajiye, ba ta koma ba.

"Allah gafarta Malam, ina da tambaya."

"Bismilla, Hajiya."

"Kayan waƙafi, rufi ne kawai ya haramta da su, ko har da zama?"

Malam ya dubi ƙasansa. Ya miƙe da sauri har buzu ya zame. Baba ya yi dariya har ya ƙware da shayi, yana cewa, "Shekara biyu, ya shekh! Shekara biyu kana kan fatar ragonka!"

Kwana uku Malam bai zo ba. Ran na huɗu ya shigo da littafi a hammata, ya tsaya a tsaye. Ya ce ya duba, ya kuma tambayi na gaba da shi a Harami. Waƙafin da amfaninsa ya yanke ana iya juya shi ga abin da ya fi kusa da niyyar masu shi. An yi hanyar don alhazai, to a rufa ɗakin, amma duk shekara alhazai su sauka a ciki kyauta.

Baba ya buɗe baki zai ce ai don soja aka yi. Inna ta riga shi.

"Kwana nawa?"

"Lokacin aikin Hajji, Hajiya. Wata biyu."

"Jirgin wata biyu yake yi da su a ciki?"

Malam ya ce a'a, kwana huɗu ne ko biyar daga Sham.

"To na ba su goma sha biyar. Mata kawai, tsofaffi, waɗanda suka zo da ƙafa. Ni zan zaɓa."

"Halas," in ji Malam, tun kafin ta rage.

Baba ya yi ta gunaguni cewa an yanke hukunci a gidansa a kan ra'ayin da bai yarda da shi ba, amma shi ya tsaya kan magini, yana nuna masa ya bar tazarar yatsa biyu a kowane kai, don ƙarfe yana miƙewa in ya sha rana. Mutum takwas suka ɗaga kowane guda. Aka jera itatuwa ƙanana a kai, aka shimfiɗa tabarmin kaba, aka zuba ƙasa.

Ba a sa ƙofa ba, daɓen ma bai gama bushewa ba, Inna ta kwaso tabarmarta da tukunyar ruwanta ta shiga. Na leƙa in yi mata barka, na tarar ta kwanta rigingine da tsakar rana tana kallon sama. Ta ce in matsa daga bakin ƙofa, ina tare mata iska.