Mutumin da Ya Sunkuyar da Haske

Kafin shaguna su buɗe a ƙauyenmu na tsibirin Jeju, Kawu Bu Sang-cheol ya riga ya zagaye gaɓar teku ya dawo. Ba ya iya zama. Ko a gaban kwamfuta a tsaye yake aiki, yana ɓare lemu, yana rubuta umarni yana gogewa, yana yi wa allon faɗa kamar mai kunne. A watan nan zai ajiye aiki a ƙaramar masana'antar gilasan fitilun gaɓa masu nuna wa jirage hanya, ni kuwa zuciyata ta ƙi yarda ya tafi shiru.

Gilashin irin wannan fitila hawa-hawa ake yanka shi kamar matakala, kowane mataki ya karkata haske inda ake so. Umarnin da Kawu ke rubuta wa kwamfuta ke lissafa kowane matakin. Da aka kafa sabuwar fitilarsa a mashigar jirage, matuƙa suka yi ta yabo.

Sai wata yamma hazo ya rufe mahaifiyata, Yang Ok-ja, tana nutson kamun dodon-koɗi. Ta rasa gabas, ta rasa yamma. Da fiton da take yi da baki aka gano ta, hannuwanta sun sandare a kan gorar da ke riƙe ta a saman ruwa. 

Washegari Inna ta tare Kawu a hanya.

"Kai mai lemu, fitilarka ta manya ce."

"Haba Yaya, daga nesa fa ake hango ta!"

"A sama ake hango ta. Ni tsuntsuwa ce?"

Kawu, wanda bai iya iyo ba, ya ari kayan nutso ya shiga ruwa har haɓa. Mata masu nutso na ta shewa: "Ku riƙe shi, dutsen nan zai nutse!" Can ya ga hasken na wucewa ta saman kansa, miƙaƙƙe kamar azara. Fuskokin matakan a shafe suke, duk sun harba hasken saitin jirgi, ba wanda ya tuna da mai kai a kan ruwa.

Ya koma ya warware aikinsa, ya lanƙwasa fuskokin matakan ƙasa domin haske ya zubo kan ruwa. Gwajin farko ya watse, na biyu ya dushe. Lokacin hazo na matsowa, Inna kuma ta rantse sai ta shiga, teku ba ta jiran kowa. Ni da Kawu muka koma kamar kaza mai neman wurin ƙwai.

Ranar da hazon ya dawo, sabon gilashi na kan fitila, Inna na cikin teku, ina tsaye kan duwatsu. Sai ga gorar Inna ta ɓullo, ta nufo mu ɗoɗar.

Ta dangwara wa Kawu dodon-koɗi a hannu. "Hasken ya yi yawa, yana kashe mini ido."

Bai ko tsaya dariya ba. "Yaya, matan ƙauyen gaba fa, ta ina suke fitowa daga ruwa?"

Kai ne, Kawu, ka sunkuyar da haske har ya ga uwata. Na gode, na gode! Ku kuma masu ƙera wa jama'a abu, kafin ku ce kun gama, ku shiga ruwan har haɓa.