Tsummokaran Kaka Ladi

Gidanmu na unguwar Nima ba shi da filin da akuya za ta juya, amma Kaka Ladi, mahaifiyar babana, ta sama wa tumatirinta wuri. A gwangwanaye da fasassun bokitai take shuka shi, jere a gindin katanga. Mummuna ne, Allah ya sani, duk ƙusumbi da tsagi. Amma in ya shiga miya, maƙwabta sai sun leƙo. Daga ƙasar Sakkwato ta zo da irin tun tana amarya, ko a kasuwar Makola babu kamarsa.

Bayan magariba, in an sauke tukunya, garwashin kurfoti, murhunmu na gawayi, ya fara lumshewa, sai mu kewaye ta. Baki na tatsuniya, hannu na aiki. Takan matse tumatirin da ya fi nuna, ta shafa 'ya'yan a ƙyallen tsohon zanenta, ta rataye inda hayaƙi zai same shi. Duk macen da ta shigo gidan kuwa, Bazabarmiya ce ko 'yar ƙabilar Ga, sai ta fita da tsumma ɗaya. Mamana takan yi mita, wai wata rana za a rabar har da namu.

"Ga ta a bakin ƙofa," in ji Kaka. Mu ce ta shigo mu ji ta.

Wai tsuntsuwa ce ta sauko daga farin wata, ta ba wasu mata biyu irin tumatir. Ɗaya ta zuba nata a gora ta toshe, tana matashin kai da shi. Ɗayar ta bi gida-gida tana rabawa har tafinta ya zama wayam. Sai ruwa ya zo ya share bukkokinsu duka biyun. Da ƙasa ta tsane, mai rabon ta shiga gari tana kuka, sai ta ga kowace ƙofa ta yi ja da tumatir.

Nakan tambaya, da barci a idona, "Kaka, mai goran fa?"

"Tana can tana bin sa, maigidana. In ka je bakin teku, ka gaishe ta."

Nakan kwanta ina ganin goran yana lilo a kan ruwa, wata na bin sa a baya.

Bayan rasuwar Kaka, wata damina babbar kwata ta cika ta shigo mana. Gwangwanaye da tsummokara duk suka tafi. Ni da gemuna na zauna na yi kuka, don ji na yi an sake binne ta.

Bara ina wucewa ta wani lungu a unguwar Maamobi, sai na hango ƙusumbin nan ja a cikin bokiti, a ƙofar wata tsohuwa mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan na ganye, Anti Akwele. Na tsaya kamar an dasa ni. Ta ƙare mini kallo, ta ce da irin Hausarta da ba ta raba mace da namiji:

"Kai jikan Ladi ne ko? Na tsohuwanka ne. Shi ya ba ni, ranan sunan yarona."

Ta shiga ta ciro tsumma mai ƙaurin hayaƙi, ta yaga biyu. "Wannan naka. Wannan kuma ka ba wani."

Shekara da shekaru ina ɗauka kyauta Kaka take yi. Ashe baƙuwa ce da ta san gidan haya da ruwan Nima, ajiya take yi a hannun mutane. Rabin tsumman bai kai gida tare da ni ba.